Yadda Ake Rainon Rozmari a Tukunya a Birnin Kano

Rozmari tsiro ne mai siraran ganye kamar allura, mai ƙamshin da ke maƙalewa a yatsu da zarar an murza shi, kuma yawancinmu a nan Kano mun fara saninsa ne busasshe cikin 'yar kwalba a kantin kayan girki. Larabawa suna kiransa iklilul jabal, wato kambin dutse, kuma sunan ya dace da halinsa, domin asalinsa daga gangaren duwatsun da ke kewaye da Bahar Rum ne, a ƙasashe irin su Sifen da Italiya da Girka da Maroko da Tunisiya, inda ƙasa take da tsakuwa, ruwa ba ya kwanciya, iska kuma ba ta yankewa. Dangin na'ana'a ne da ɗoɗɗoya, amma wanda ya yi masa irin rainon da ake yi wa na'ana'a, wadda ke son danshi kullum, zai rasa shi cikin 'yan makonni. Masana tsirrai sun daɗe suna kiransa Rosmarinus officinalis, sai a shekarar 2017 aka shigar da shi cikin rukunin Salvia ya koma Salvia rosmarinus, don haka wanda ya ga ɗaya daga cikin sunayen nan biyu a jikin takardar iri, abu guda ake nufi.

Abin da ya kamata mai son rainonsa a Kano ya fara ganewa shi ne cewa a ƙasarsa ta asali ruwan sama yana sauka ne lokacin sanyi, lokacin zafi kuwa sai ƙasa ta bushe ƙamas. Mu a nan namu akasin haka ne, domin kusan duk ruwan shekara yana zubo mana tsakanin Yuni da Satumba, a daidai lokacin da ƙasa ke da ɗumi, iska kuma ta cika da laima. Haɗuwar ɗumi da danshi ita ce ke ruɓar da saiwarsa. Tukwane biyu na farko da na raina sun tsallake zafin bazara lafiya lau, suka mutu a watan Agusta, alhali ni rana nake tsoro a lokacin, ban san cewa ruwa ne abin tsoro ba. Duk abin da zai biyo baya, daga zaɓen tukunya har zuwa inda za a ajiye ta, an gina shi ne a kan wannan gaskiya.

Tukunya da ƙasar da za a zuba

A fara da tukunyar ƙasa, irin wadda maginan tukwane ke ƙonawa, kada a yi mata fenti. Dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi shi ne dalilin da ya sa take dacewa da rozmari, wato jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, danshi yana tsattsafowa ta cikinsu ya bi iska, sai ƙasar ciki ta riƙa bushewa da wuri kuma ta yi sanyi. Baƙar roba kuwa tana riƙe ruwa da damina, da bazara kuma ta ɗauki zafin da zai dafa saiwa. Idan babu hali sai bokitin fenti, a zaɓi fari, a wanke shi sosai, a ɗora ƙusa a wuta a huda masa ramuka biyar ko shida a gindi.

Ga sabon dashe, tukunya mai faɗin baki kamar santimita 20 ta isa. Wanda ya girma sosai yana bukatar mai santimita 30. Mutane suna son saka ƙaramin dashe a babbar tukunya don kada su sake wahalar canji, amma wannan kuskure ne, saboda ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba tana daɗewa a jiƙe. Ramin gindi wajibi ne, kuma ya kai faɗin babban yatsa. Wanda ya sayi tukunyar da ba ta da rami, ya jiƙa ta cikin ruwa ta kwana, ya kife ta a kan yashi, ya riƙa taɓa ƙusa da guduma a hankali har ta huje. Ko mai ramin ma a jiƙa ta kafin a yi shuka, don kada busasshen jikinta ya zuƙe ruwan farko.

Ƙasa ita ce inda ake samun nasara ko a faɗi tun kafin a dasa komai. Baƙar ƙasar fadama da ake kawo wa masu lambun alayyafo da latas ba ta dace da shi ita kaɗai ba, haka ma jar ƙasar gini, domin dukansu suna dunƙulewa su hana ruwa wucewa. Haɗin da na zauna a kansa shi ne kwano 2 na yashin rafi mai manyan ƙwayoyi, irin wanda magina ke kwaɓa kankare da shi, da kwano 2 na ƙasar lambu, da kwano 1 na takin gargajiya da ya ruɓe sarai har ya daina wari ya koma kamar ƙasa. Lallausan rairayin da iska ke tarawa a gefen titi bai kai yashin rafi ba, yana toshewa idan ya jiƙe. Wanda ke da dakakken gawayi ya zuba cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, yana ƙara wa ƙasar sako-sako. A kiyayi ɗanyen kashin shanu ko na kaji, domin na farko yana janyo gara, na biyu kuma yana ƙona saiwa.

An saba cewa a shimfiɗa tsakuwa a gindin tukunya kafin a zuba ƙasa, amma wannan bai sa ruwa ya fi saurin fita ba. Abin da yake yi shi ne rage zurfin ƙasar da saiwa za ta samu. Ɗan guntun fasasshen kasko guda ɗaya da za a kifa a kan ramin don kada ƙasa ta zube ya wadatar. Bayan an cika tukunya, a bar kamar santimita 3 tsakanin ƙasa da baki, sai a gwada ta kafin a dasa: a zuba ruwa kofi biyu, idan ya nutse nan take ya fara ɗiga ta gindi cikin minti ɗaya, haɗin ya yi. Idan ya tsaya a sama kamar kududdufi, a juye a ƙara yashi.

Samun dashe

Hanyoyi uku ne, kuma ba daidai suke ba. Shuka iri ita ce mafi wahala, domin irin rozmari yana iya kai mako 3 ko 4 kafin ya tsiro, da yawa daga ciki ma ba ya fitowa, wanda ya fito kuma yana jinkirin girma. Ban shawarci mai farawa ya bi ta nan ba. Hanya ta biyu ita ce sayen dashe wurin masu sayar da furanni a bakin manyan tituna, musamman ta wajen Nassarawa. A zaɓi wanda ganyensa ke kore shar tun daga ƙasa har sama, a murza a ji ƙamshi, a leƙa ƙarƙashin rassa ko akwai farin abu mai kama da auduga. A kuma tambayi mai sayarwa daga ina dashen ya zo. Wanda aka kawo daga Jos, wadda ke kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, ya saba da sanyin da Kano ba ta da shi, don haka yana bukatar kwana 7 zuwa 10 a wurin da hantsi kaɗai ke taɓa shi kafin a fito da shi rana sosai.

Hanya ta uku, wadda na fi so, ita ce dasa reshe. Ba ta cin ko sisi idan maƙwabci ko ɗan'uwa yana da tsiron, kuma ko ɗanyen rozmarin da ake sayarwa a manyan kantuna yana iya kamawa muddin bai fara yaushi ba. Lokacin da ya fi dacewa a Kano shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu, bayan ruwa ya ɗauke, gari ya fara sanyi. Da sassafe, a sa sabuwar reza ko almakashi mai tsabta a yanko reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15 daga saman tsiron, wanda bai zama ice ba tukuna amma kuma ya wuce lagwani, wato idan aka lanƙwasa shi yana lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. A yanka daidai ƙarƙashin gaɓa, a tsige ganyen rabin ƙasa, a bar na sama. Sai a cika ƙaramin kofin roba da aka huda da yashi kashi 3 da ƙasa kashi 1, a jiƙa, a yi rami da tsinke, a cusa reshen zurfin santimita 4 ko 5, a danne gefensa. A dasa biyar ko shida a lokaci guda, domin ba duka ke kamawa ba.

Matsalar wannan lokaci ita ce busasshiyar iskar hunturu, wadda ke iya ƙafar da reshen da bai yi saiwa ba cikin kwana biyu. Maganinta shi ne a yanke gindin gorar ruwa ta roba a kifa a kan kofin, a cire murfinta don iska ta riƙa shiga, a ajiye a inda akwai haske amma rana ba ta bugawa kai tsaye. Yashin ya kasance da ɗan danshi kawai, kada ya yi caɓa-caɓa. Cikin mako 3 zuwa 6 saiwa za ta fito, kuma alamarta ita ce sabon toho mai haske a saman reshen, ko kuma idan aka ɗan ja shi a hankali a ji ya riƙe. Wasu suna tsoma reshen cikin kofin ruwa ne suna canja ruwan duk bayan kwana biyu. Hakan ma yana yi, kuma yara suna jin daɗin ganin farar saiwa tana fitowa, sai dai saiwar da ta fito cikin ruwa tana da rauni, dole a mayar da ita ƙasa tun tana kamar santimita 2, a kuma yi hattara wajen dannewa.

Idan za a mayar da shi babbar tukunya, a yi da la'asar sakaliya. Kada a binne shi fiye da zurfin da yake a da, domin ƙasar da ta hau wuyansa tana ruɓar da shi. A ba shi ruwa sosai sau ɗaya, a bar shi a inuwa kwana uku ko huɗu, sannan a fara matsar da shi rana.

Inda za a ajiye shi

Rozmari yana bukatar rana ta aƙalla awa 6 a wuni, don haka ba tsiron falo ba ne, kuma wanda aka ajiye a ɗaki sai ya yi tsawo siriri, ganyensa ya yi nisa da juna, ƙamshinsa ya ragu. A gidajenmu na cikin gari, inda katanga ke da tsayi tsakar gida kuma ƙarama, a tsaya wuni guda a lura da inda rana ta fi daɗewa. Gefen da ke samun rana daga hantsi zuwa azahar shi ne mafi kyau. Kada a ajiye shi kusa da inda ake alwala ko wanke-wanke, duk da cewa nan ne aka saba ajiye shuka, saboda ƙasan wurin ba ta bushewa. A gidan da ake kiwon awaki ko kaji, a ɗora tukunyar a kan abin da ba za su kai ba, domin ko akuya ba ta cinye shi ba za ta iya karya rassa, kaji kuma su tone ƙasar.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 ko ya wuce, ganyen yana iya jurewa, amma saiwar da ke cikin tukunya ba ta da zurfin ƙasar da za ta fake. Simintin tsakar gida da azahar ba ya takuwa da ƙafa, kuma wannan zafi ne ke ratsa gindin tukunya. A ɗora ta a kan bulo biyu ko katako, a kuma matsar da ita inda inuwar katanga ko ta darbejiya za ta rufe ta daga ƙarfe ɗaya zuwa la'asar. Akwai wata dabara da na ara daga aikin Malam Muhammad Bah Abba, malamin nan na Jihar Jigawa da ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya da ke adana tumatir da ganyaye ba tare da lantarki ba. Ana saka tukunyar rozmarin cikin wata babba mai ramin gindi, a cika tsakaninsu da yashi a ɗan jiƙa shi, sai tururin da ke fita ya riƙa sanyaya saiwa. Wannan na bazara ne kawai. Da zarar ruwan farko ya sauka, a raba su.

Ban ruwa

Ba a ba rozmari ruwa da lissafin kwanaki, ana ba shi ne da yatsa. A cusa manuniya cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. Idan an ji sanyin danshi, a ƙyale shi zuwa gobe, idan an ji a bushe, a ba shi ruwa a gindi har sai ya fito ta ramin ƙasa. Ruwan da ake yayyafawa kaɗan-kaɗan kullum yana jiƙa sama ne kawai, ya bar saiwar ƙasa da ƙishi, ya kuma riƙe wuyan tsiron cikin danshi, wato ya haɗa illa biyu a lokaci guda. Da safe ya fi, kafin rana ta yi zafi. A abin da na gani a tsakar gidana, tukunyar ƙasa mai santimita 30 tana neman ruwa kusan kullum ko bayan kwana biyu da bazara, bayan kwana uku ko huɗu da hunturu, da damina kuwa ana iya yin makonni ba a ɗauki buta ba. Amma tukwane sun bambanta, wurare ma haka, shi ya sa yatsa ya fi kalanda.

Sai dai kada jin cewa tsiron dutse ne ya sa a yi sakaci. Alayyafo idan ya ji ƙishi yana langaɓewa ya nuna, a ba shi ruwa ya miƙe. Rozmari ba ya nuna komai sai ganyensa ya fara zubewa, kuma idan dunƙulen saiwarsa ya bushe ƙarau sau ɗaya, sau da yawa ba ya dawowa. Wanda zai yi tafiya da bazara ya bar amanarsa a hannun wani, ya kuma nuna masa gwajin yatsan.

Ruwan famfo ko na rijiya ko na 'yan garuwa duk suna yi. Idan aka ga farin ɓawo yana taruwa a saman ƙasa ko a bakin tukunya, gishirin da ke cikin ruwa ne ko na taki, sai a kankare shi, a kuma zuba ruwa mai yawa sau ɗaya a wata ya wanke ƙasar ya fita. Ruwan wanki mai omo ko na wanke-wanke mai maiƙo, kada ya taɓa tukunyar.

Damina

A nan ne ake bukatar kulawa fiye da kowane lokaci. Tun watan Mayu, da an fara ganin hadari, a nemi wurin da rana ke shiga amma ruwa ba ya dukan tukunyar kai tsaye, kamar bakin baranda mai fuskantar gabas ko ƙarƙashin lanƙwasar rufin kwano, tare da tabbatar da cewa ba a ƙarƙashin indararo take ba. Idan akwai faranti a gindin tukunya a cire shi har sai Oktoba. A bar ta a kan bulo don ruwan da ke malala a tsakar gida kada ya shiga ta ƙasa, a kuma riƙa zura tsinke a ramin gindi lokaci zuwa lokaci, domin saiwa ko laka suna toshe shi. Kada a cunkusa shi cikin sauran furanni. Ya samu tazarar da iska za ta riƙa ratsa shi. Wanda ya ajiye a saman bene ya tuna da iskar da ke gabatar ruwa, wadda ke kifar da tukwane, ya jingina ta da bango ko ya tokare ta da bulo.

Alamar ruɓewar saiwa tana yaudara, domin kamar ta ƙishi take: bakin ganye ya yi ruwan ƙasa, rassan ƙasa su fara bushewa, tsiron ya yi yaushi. Mai shi ya ga haka sai ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi. A duba ƙasa tukuna. Idan a jiƙe take kuma tana ɗan wari, a kife tukunyar a tafin hannu a fito da dunƙulen. Lafiyayyar saiwa fara ce ko mai ruwan madara, kuma tana da ƙwari. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana saɓulewa a hannu. A yanke duk wadda ta lalace, a karkaɗe jiƙaƙƙiyar ƙasar, a wanke tukunyar, a sake dasawa cikin sabon haɗi mai yawan yashi, a rage rassan sama daidai da saiwar da aka rasa, a jira kwana biyu kafin a ba shi ɗan ruwa. Gaskiya ita ce ba kowane ke tsira ba, don haka a ranar da aka ga alamar, a yanki rassa uku ko huɗu masu lafiya a dasa su gefe.

Idan laima ta yi yawa kuma iska ba ta ratsawa, wani lokaci farin gari kamar na alli yana bayyana a kan ganye. Naman gwari ne. A yanke rassan da ya kama a zubar nesa, a rage cunkoson tsakiya, a ƙara masa rana, a daina jiƙa ganyen da yamma.

Hunturu kuwa lokacin jin daɗinsa ne a Kano, domin sanyin dare da busasshiyar iska sun fi kama da abin da ya saba, kuma a lokacin ne ya fi tofo. Sanyinmu ba ya kaiwa ga cutar da shi. Abin lura kawai shi ne ƙura, wadda ke rufe ganye ta tare masa haske, ta kuma ba wasu ƙananan ƙwari masu saƙa kamar ta gizo-gizo damar yaɗuwa. Sau ɗaya a mako, da hantsi, a fesa wa ganyen ruwa ya wanke, ya bushe kafin dare.

Taki, aski da ƙwari

Taki kaɗan yake so. Cikin tafin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki a barbaɗa a sama a watan Oktoba, a ƙara wani a Janairu, ya ishe shi shekara. Wanda zai sa takin zamani irin NPK 15-15-15, kada ya wuce rabin ƙaramin cokali ga babbar tukunya, a binne shi a gefe nesa da tushe, a bi da ruwa. Yuriya tana sa shi fitar da ganye mai yawa mai laushi amma mara ƙamshi, wanda ƙwari suka fi so. Kada a sa taki a tsakiyar zafin bazara, kada kuma a sa wa tsiron da ba shi da lafiya.

Aski shi ne ke sa shi ya cika ya yi kyau. Idan dashe ya kai santimita 15 zuwa 20, a tsinke kan kowane reshe kamar santimita 2. Daga inda aka tsinke rassa biyu ko fiye za su fito. A ci gaba da haka, amma da sharuɗɗa biyu: kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a lokaci guda, kuma kada a yanka har cikin tsohon icen da babu ganye a jikinsa, domin da wuya ya sake tofowa daga nan. Babban aski a yi shi a farkon hunturu, a kuma ɗan rage tsakiya kafin damina. A ƙasashen sanyi yana fitar da ƙananan furanni masu launin shuɗi-shuɗi; a zafin Kano ba lallai ne ya yi fure ba, kuma rashin furen ba alamar ciwo ba ne.

Ƙwaron da ya fi damunsa shi ne mai kama da guntun auduga da ke laɓewa a gaɓoɓi yana tsotson ruwan jikinsa, kuma yawan tururuwa ko cinnaka a jikin tsiron yakan nuna yana nan. Idan kaɗan ne a goge da auduga. Idan ya yaɗu, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa mara ƙarfi cikin lita ɗaya ta ruwa, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, washegari da safe a ɗauraye, a maimaita bayan mako guda. Dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa suka kwana aka tace su ma suna aiki. Fiya-fiya da sauran magungunan feshin gona ba su da wuri a nan, tunda ganyen tukunyar miya zai shiga.

Canjin tukunya da girbi

Bayan shekara ɗaya ko biyu za a ga saiwa tana leƙowa ta ramin gindi, ko ruwa yana wucewa da sauri ƙasar na bushewa cikin rabin wuni. A Nuwamba ko Disamba, a mayar da shi tukunyar da ta fi ta da faɗin kamar santimita 5. Wanda ba ya son babbar tukunya ya yanke kamar kashi ɗaya cikin huɗu na gefe da gindin saiwar da wuƙa mai kaifi, ya rage rassa, ya mayar da shi tsohuwar da sabuwar ƙasa.

Ana iya fara ɗiba idan tsiron ya yi wata biyar ko shida ya cika da rassa. A yanko kan reshe mai tsawon yatsa da safe, lokacin da ƙamshinsa ya fi ƙarfi. Reshe ɗaya ya isa gashin kaza guda ko tiren dankalin turawa, ɗan guntu kuma ya isa butar shayi. Idan ya yi yawa yana danne sauran kayan ƙamshi ya kawo ɗaci. Abin da ake sawa a girki ba shi da matsala, amma mai juna biyu ta guji dafa shi da yawa tana sha a matsayin magani sai da shawarar likita. Tsofaffin rassa masu ƙwari, idan aka tsige ganyensu aka jiƙa su cikin ruwa, suna zama tsinken tsire mai ba nama ƙamshi.

Don adanawa, a ɗaure rassa biyar ko shida a rataye a inuwa inda iska ke wucewa, a rufe da ƙyallen da ba shi da kauri saboda ƙura. Da hunturu cikin mako guda sun bushe. Shanya a rana tana kwashe ƙamshi da launi. A murje ganyen a zuba cikin kwalba mai murfi, a ajiye nesa da murhu, a kuma tuna cewa ƙaramin cokali ɗaya na busasshe yana tsayawa a madadin uku na ɗanye.

Rozmarin tukunya yana tsufa, ƙasansa ya zama ice, ganye ya koma sama kawai, kuma kowace damina tana iya zuwa da abin da ba a zata ba. Saboda haka duk watan Nuwamba nakan yanki rassa shida daga askin shekara in dasa su cikin kofuna. Waɗanda suka kama, in bar biyu a gida, sauran in raba wa maƙwabta da suka nuna sha'awa, tare da kwano biyu na yashin rafi.